Daga Matsirga Zuwa Kurmin Nindam: Wace Kyamara Ta Dace Da Ƙasar Kafanchan?

Matafiyin da ya bar garin Kaduna ya ɗauki hanyar Kachia, ya nufi kudu maso gabas, ba ya bukatar wani ya gaya masa cewa ƙasa tana sauya kama. Tun daga Kajuru duwatsu ke fara leƙowa ta bayan gonaki, itatuwan doka da ɗorawa da kaɗanya su yi ta ƙara kauri, har in ya wuce Kachia ya doshi Zonkwa sai ya riƙa ganin kwakwar manja tsaye a bakin rafuffuka, abin da mutumin Katsina ko Daura bai saba gani ba sai in fatauci ya kai shi kudu. Sunayen ƙauyuka kansu shaida ne, domin ga Kurmin Musa, ga Kurmin Jibrin, ga Kurmin Masara, ga Kurmin Biri, kowane ɗaya yana tuna wa mutum cewa wurin a dā duhuwar itatuwa ce wadda rana ba ta cika ratsawa ba. Bayan tafiyar kilomita 200 da ɗoriya sai duwatsun Kagoro su tare masa gabas, garin Kafanchan kuma yana shimfiɗe a gindinsu.

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. A wajen 1927 aka haɗe layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos domin kwasar kuza, sai wannan wuri na mutanen Fantswam ya zama mararraba. Daga 1958 zuwa 1964 aka ja wani layin daga Kuru har Maiduguri, watau duk jirgin da zai tafi Barno daga bakin teku sai ya bi ta nan. Haka garin ya tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da sauransu, har fadar Sarkin Jama'a ta komo cikinsa a 1933. Yau jiragen sun yi shiru, tsofaffin taragu suna kwance a tasha ciyawa na cin su, amma kasuwa na nan da ranta, citta da doya da gwaza da acca da zuma suna ta shiga suna fita.

Abin da ya bambanta wannan yanki da sauran ƙasar Arewa shi ne ruwan sama. Iskar damina da ke tasowa daga teku takan zo ta ci karo da bangon tsaunukan Jos ta wannan kusurwa ta kudu maso yamma, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Saboda haka damina takan kama tun daga watan Afrilu har Oktoba, ruwan da ake samu kuwa ya ɗara na Kano da Zariya nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa aka sami tsibiran kurmi a tsakiyar dajin Arewa, da itatuwan loko da maɗaci da tukurwa, da tsuntsayen da ba a saba ganinsu ba sai can cikin kurmin kudu.

TAMBAYAR MAI ƊAUKAR HOTO

To, a 'yan shekarun nan an sami samari da 'yan mata, daga Jos da Kaduna da Abuja da cikin Kafanchan ɗin kanta, waɗanda suka ɗauki hoton tsuntsaye da namun daji da duwatsu abin yi. Waɗansu ɗalibai ne masu nazarin halittu, waɗansu kuwa masu hoton biki ne da sha'awa ta ja su daji. Dukkansu akwai tambaya ɗaya da ke hana su barci ran da suka tara kuɗin sayen kyamara: wace za a saya? Ba tambayar wasa ba ce, gama kuɗin da za a zuba ya kai na sayen babur, wani lokaci ma ya fi, kuma wanda ya yi kuskure sai ya shekara yana cizon yatsa.

Galibin masu saye a Nijeriya na hannu suke nema, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai da Amurka, a same shi a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ko a Banex Plaza da ke Abuja. A cikin irin waɗannan akwai guda biyu na kamfanin Nikon da suka daɗe suna raba kan masu hoton daji a duniya, watau D750 wadda ta fito a 2014, da D500 wadda ta fito a 2016. Kamfanin ya daina ƙera su, hankalinsa ya koma kan sabbin kyamarori marasa madubi da ya fara fitarwa a 2018, amma wannan ne ma ya sa farashinsu ya sauko har talaka mai ƙoƙari ya iya miƙa hannu. Wanda ya saba da kayan Canon zai tarar da irin wannan zaɓi tsakanin 7D Mark II da 6D, kuma hukuncin kusan ɗaya ne.

A ido, su biyun kamar Hasan da Husaini suke. Nauyin kowace bai kai kilo ɗaya ba, D500 giram 860 da batirinta, D750 kuwa ta gaza haka da kaɗan. Batiri iri ɗaya suke ci, kuma bisa awon kamfani kowace takan ɗauki hoto sama da 1,200 kafin ya mutu. Gilashin da ya shiga bakin wannan zai shiga bakin waccan. Bambancin yana can ciki, a wani ɗan allo mai kama haske da ake kira sensa, wanda ya maye gurbin fim ɗin da masu hoton dā suke wankewa a ɗaki mai duhu. Allon D750 girman fim ɗin dā gare shi, kimanin milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, yana da ɗigon hoto miliyan 24.3. Na D500 ƙarami ne, milimita 23.5 da 15.7, da ɗigo miliyan 20.9. Watau filin babban ya ninka na ƙaramin sau biyu da 'yan kai.

Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, babba ya fi. Sai dai kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Babban allo yakan tara haske da yawa, ya kuma ɗauko fili mai faɗi. Ƙaramin allo kuwa tsakiyar abin da gilashi ya gani kaɗai yake yankowa, amma ya zuba dukkan ɗigonsa a kan wannan tsakiya, sai abin da ke nesa ya fito kamar an jawo shi kusa sau ɗaya da rabi. Ba a teburin mai kanti za a raba wannan gardama ba, sai an bi ƙasar wuri wuri an ga abin da kowane wuri ke nema.

MATSIRGA

Wuri na farko da baƙo yakan nema shi ne Matsirga, kusa da Madakiya, tafiyar 'yan mintoci daga Kafanchan. Ruwan da ya taso daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro yakan gangaro cikin kwari, ya zo bakin wani dutse da ya yanke tsaye, ya faɗa ƙasa kimanin mita 30. A watan Agusta da Satumba tun daga nesa ake jin rugugin ruwan, feshinsa ya tashi kamar hayaƙi, in rana ta doke shi ta gefe sai bakan gizo ya bayyana. Da rani ruwan yakan ragu ya rabu kashi kashi, har mutum ya iya sauka ya ga kogon da ke bayansa.

A nan kam D750 ce sarauniya. Mai hoto yana tsaye a kwari mai ƙunci, ba shi da wurin ja da baya, alhali yana so ya haɗa saman dutse da faɗuwar ruwa da tafkin ƙasa da itatuwan gefe cikin hoto ɗaya. Gilashi mai lamba 24 a bakin D750 zai ba shi wannan faɗi, amma in ya ɗaura shi a D500 sai ya koma kamar mai lamba 36, gefe da gefe su yanke, dole sai ya nemi wani gilashin mai lamba 16. Bugu da ƙari, wurin yana da farin ruwa mai ƙyalli da baƙin dutse mai inuwa a lokaci ɗaya, kuma babban allo ya fi iya riƙe su biyun ba tare da farin ya ƙone ko baƙin ya toshe ba.

Sauri ba shi da amfani a Matsirga, domin dutse ba ya gudu. Abin da ake bukata shi ne matokari mai ƙafa uku, a kafa kyamara a kai, a bar ƙyaurenta a buɗe rubu'in daƙiƙa ko rabi, sai ruwan ya fito sumul kamar an zuba nono. Sai kuma ƙyalle mai taushi a aljihu, don feshi ba ya minti biyu bai rufe fuskar gilashi ba. Duwatsun wurin suna da santsi ƙwarai da damina, kuma ruwa yakan ƙaru ba zato in an yi sama a kan tudu, saboda haka mai hankali ba ya sauka shi kaɗai.

KAN DUTSEN KAGORO

Daga Kafanchan zuwa Kagoro ba nisa. Garin yana manne da gindin dutse wanda tsayinsa ya haura mita 1,200 daga bakin teku, kuma har yanzu akwai masu zama a kansa suna noma. Kowace ranar 1 ga Janairu mutanen Agworok sukan yi bikin Afan, wanda ma'anarsa dutse, bikin da asalinsa na rufe kaka ne da buɗe lokacin farauta. Marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008, a zamaninsa ne bikin ya shahara har ake zuwa kallo daga ko'ina. Maharba da baka da kibiya da ƙaho sukan fito fili a ranar, abin da ke nuna yadda dutsen yake cike da nama a zamanin kakanni.

Wanda ya hau dutsen da sassafe da kyamara shi ma maharbi ne, illa dai shi ba ya zubar da jini. Abin da zai tarar duk na nesa ne, kuma duk masu gudu ne. Rema takan fito shan hantsi a kan fā, da ta ji motsi sai ta faɗa tsaga. Ayarin birai yakan ratsa gefen gona ya haye dutse kafin mutum ya ɗaga hannu. Shaho da shirwa suna shawagi a kan iskar da ke hawa bangon dutse, tsattsewa kuwa sai ka ce an harbo ta. Ƙananan tsuntsaye masu cin tsabar ciyawa, waɗanda ba su wuce babban yatsa da kaɗan ba, sukan sauka daƙiƙa biyu su tashi.

A nan ne D500 ke nuna ko ita wace ce. Gilashin da yawancin masu hoton tsuntsaye ke iya saye shi ne mai zuƙowa daga 200 zuwa 500, wanda Nikon ya fitar a 2015, mai nauyin kilo biyu da 'yan kai. A bakin D500 ƙarshensa yakan yi aikin mai lamba 750. In an ɗauki tsuntsu ɗaya daga wuri ɗaya da kyamarorin biyu, sa'an nan aka yanke hoton D750 don tsuntsun ya kai girman na D500, abin da zai rage mata ɗigo miliyan 10 ne kacal, alhali waccan tana da kusan 21. Wannan rata ita ce tsakanin hoton da za a ƙirga gashin fiffike a cikinsa da wanda za a ce wani abu ne mai kama da tsuntsu.

Har ila yau akwai maganar sauri. D500 takan ɗauki hoto 10 a daƙiƙa ɗaya, kuma in an sa mata katin ajiya mai sauri irin XQD tana iya jerawa har 200 ba ta tsaya ba. D750 shida da rabi take yi, kuma in ana ɗaukar hoto mai cikakken nauyi, bayan daƙiƙa biyu ko uku sai ta fara haki. Wuraren da D500 ke kama saiti da su 153 ne, sun bazu kusan daga wannan gefe zuwa wancan, na D750 kuwa 51 ne, sun taru a tsakiya. Shahon da ya karkata ya bar tsakiyar hoto, ɗaya za ta bi shi, ɗaya kuwa ta sake shi ta kama gajimare. Tsuntsu mai tashi yana son a buɗe ƙyaure a rufe cikin kashi ɗaya bisa 1,000 ko 2,000 na daƙiƙa, kuma hasken kan dutse ya isa a yi haka da kowace daga cikinsu, saboda haka fifikon babban allo ba ya tasiri a nan.

CIKIN KURMIN NINDAM

Shari'a mai wuya tana cikin kurmi. Gandun dajin Nindam da na Kagoro da maƙwabtansu suna cikin jerin muhimman matsugunan tsuntsaye na Afirka da ƙungiyar BirdLife International ta wallafa a 2001. Tun kafin nan, a 1986, masana uku, Dyer da Gartshore da Sharland, sun buga sakamakon binciken da suka yi kan tsuntsayen Nindam a mujallar Malimbus, inda suka nuna cewa wannan ɗan kurmi yana ɗauke da tsuntsayen da mazauninsu na ainihi yana can ɗaruruwan kilomitoci a kudu, har da waɗanda ba a cika samun labarinsu a wani wuri a Nijeriya ba.

Wanda ya shiga ciki da hantsi sai ya ga kamar magariba ta yi. Rassa sun haɗe a sama, kurangar daji ta sarƙe, ƙasa da danshi da ruɓaɓɓen ganye, malam-buɗe-littafi iri iri suna tashi daga bakin rafi. Kunne ya fi ido aiki. Za a ji kukan dangin cilakowa da na dangin kulkulu masu jan fiffike can ƙololuwa, a ji wani yana fito a cikin sarƙaƙiya taku biyar daga inda mutum yake, amma a yi rabin sa'a ba a ga ko wutsiyarsa ba. In ya fito, sau da yawa daƙiƙa uku ce rabon mai hoto.

Da yake haske ya yi ƙaranci, dole a ɗaga lambar ISO, watau ƙarfin jin haske na allon, zuwa 3,200 ko 6,400. Duk sa'ad da aka yi haka hoto yakan yi yashi-yashi, launinsa ya dushe. A nan babban allon D750 yana da riba ta gaskiya: in abin da ake ɗauka ya cika hoton, tsabtar da za ta bayar a 6,400 ta yi kusa da wadda D500 za ta bayar a 3,200. Mai neman hoton gindin loko, ko naman kaza a kan ruɓaɓɓen gungume, ko hawainiya a reshe, ko hasken rana da ya tsaga ganye ya sauka a rafi, D750 ce tasa.

Amma fa tsuntsun kurmi ba ya yarda a matso shi har ya cika hoto. Ƙarami ne, mai tsoro ne, yana can cikin ganye. Da zarar an koma yankan hoto don a fito da shi, ribar nan ta babban allo ta zube, domin an jefar da fiye da rabin hasken da ya tara. Sa'an nan kuma kafin a yi maganar tsabtar hoto sai an kama saiti tukuna, kuma bisa awon kamfani tsakiyar idon D500 yana iya kama saiti a rabin hasken da D750 ke bukata. Hoto mai ɗan yashi wanda idon tsuntsu ya fito tar a cikinsa ya fi hoto mai tsabta wanda ganyen gaba ne ya fito, tsuntsun ya zama inuwa.

DAMINA DA HUNTURU

Ƙasar Kafanchan tana da abokan gāba biyu ga kayan hoto, kuma ba ruwansu da sunan kyamara. Na farko danshin damina, wanda ke sa fumfuna ta tsiro cikin gilashi kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta ci fuskar gilashin har abada. Maganinta shi ne kada a bar kaya cikin jaka a lungun ɗaki. A sami roba mai marfi da ke rufewa ruf, a zuba ƙullin tsakuwar nan mai shan danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, a riƙa shanya ta in ta jiƙa. Na biyu ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke shiga duk sa'ad da aka cire gilashi ta zauna a kan allo, sai kowane hoto ya fito da ɗigon baƙi a sararin sama. Dukkan kyamarorin biyu an yi musu liƙin roba a gaɓoɓi, amma ba a yi su don a tsoma a ruwa ba, kuma leda mai kauri a jaka ta sha ceton dukiya.

Kowane lokaci da amfaninsa. Farkon damina, sa'ad da shamuwa ta iso, tsuntsaye ke ado da kuka da saƙar sheƙa, ƙasa kuma ta yi kore shar. Daga Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye da ke gudun sanyin Turai suna nan. Hazon hunturu yakan ɓata hoton nesa, amma yakan tausasa rana ya ba duwatsu wani kwarjini da asuba. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, batiri biyu ko uku wajibi ne, kuma a nan tsofaffin kyamarorin nan masu madubi sun fi yawancin sababbi jimiri.

Mai sayen na hannu kuma ya buɗe ido. Kowace kyamara tana ƙirga sau nawa ƙyaurenta ya buɗe, kamar yadda mota ke ƙirga tafiyarta. An gwada na D500 a kan 200,000, na D750 a kan 150,000, saboda haka a nemi ganin lambar kafin a biya. A haska tocila cikin gilashi a duba fumfuna, a ɗauki hoton farar takarda a duba tabo. A kuma tuna D750 katin SD biyu take ci, wanda ake samu a kowace kasuwa, D500 kuwa rami ɗaya na SD ne, ɗaya na XQD mai tsada da wuyar samu.

HUKUNCI

In an tattara, wanda zuciyarsa ke kan tsuntsaye da namun daji, D500 da dogon gilashi ita ce ta dace da dutsen Kagoro da kurmin Nindam. Wanda ya fi son faɗuwar ruwa da shimfiɗar ƙasa da taron Afan, ko wanda dole kyamarar ta ci da kanta ta hanyar hoton aure da suna a ɗakunan taro marasa haske, D750 za ta fi yi masa rana. Kowace aka zaɓa, kada a ƙarar da kuɗi a kan gangar jiki a bar gilashi, domin gangar jiki takan tsufa a sauya ta, gilashi mai kyau kuwa yakan yi shekara 20 yana aiki.

Akwai kuma abin da ba a sayarwa a kanti. Kudancin Kaduna ya sha fama da tashin hankali tun daga rikicin Maris 1987, ga kuma hare-hare da satar mutane da suka addabi ƙauyuka da dama a shekarun baya-bayan nan. Baƙon da ya ratsa gona da wani dogon baƙin abu a kafaɗa, kada ya ga laifin wanda ya tsorata. Ladabi shi ne a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a kuma sallame shi da kyau, a tambayi halin da hanya ke ciki kafin a fita, a komo kafin duhu. Ba a ɗaukar mutum ko wurin ibadarsa ko shingen jami'an tsaro ba da yardarsu ba. Haka nan ba a sare reshe don sheƙa ta fito fili, gama hoto ɗaya bai kai ran 'ya'yan tsuntsu ba.

ABIN DA HOTO ZAI TSARE

Siffanta dabbobi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A ƙauyen Nok, kusa da Kwoi, masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kan yumɓu da aka samo a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar ɓarna, daga nan duniya ta san al'adar Nok. Waɗannan magina, da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ba mutane kaɗai suka siffanta ba, har da giwa da biri da maciji. Giwa ta daɗe da barin duwatsun nan, siffarta ta yumɓu ce ta rage.

Kurmin ma yana bin sawunta. Binciken da Jacinta Abalaka da Shiiwua Manu suka buga a 2007 ya nuna gandun Kagoro da Nindam suna lalacewa, tsuntsayen cikinsu kuma suna sauyawa. Masu yankan katako da masu gawayi da masu neman sabuwar gona duk suna ci daga gefe, kuma ba a ce musu mugaye ba, domin manomin da annobar 2023 ta ruɓar masa da citta a ƙasa dole ya nemi abin da zai kai gida. Sai dai kurmin da aka share ba ya komowa a rayuwar wanda ya share shi, maɓuɓɓugan da ke shayar da Matsirga kuwa a inuwar itatuwa suke kwana.

A nan ne aikin mai kyamara ya wuce sha'awa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda 'yan sa-kai ke aika sunayen tsuntsayen da suka gani da wurin da suka gan su ta wayar hannu. In mutum ya ce ya ga tsuntsun da ba a saba gani ba, hoto ne shaidarsa, kuma kyamara takan rubuta rana da sa'a a jikin kowane hoto. Da irin wannan shaida ake tunkarar hukuma da sarakuna a ce ga abin da ke cikin kurmin nan, ga abin da ya ɓace tun 1986, ga abin da za a iya cetowa. Saboda haka wanda ya tara kuɗinsa ya yi zaɓinsa, kada ya tsaya jiran wata sabuwa da za ta fito baɗi. Ya saya, ya koyi hannunta, ya tafi Nindam tun itatuwan suna tsaye.